DUTSEN DA YA ƘI ZAMA JUJI

Mai karatu, a kudu maso yammacin ƙasar Sukotlan, yankin Galowe, akwai wani dutse ana ce masa Mullwharchar. Tsawonsa mita 692 ne kawai, amma isa gare shi aiki ne ja. Mota ba ta zuwa gindinsa. Mutum zai bar motarsa wajen tafkin Loch Doon ya shiga daji da ƙafa, yana tsoma takalmi cikin laka da jiƙaƙƙiyar ciyawa sa'o'i masu yawa, ga ruwan sama ga hazo. Sai ya kusa kai wa sama ne zai taka ƙasa mai ƙarfi, wato fa irin na dutsenmu na Kwatarkwashi. Sau da yawa sai ka wuni can ba ka ga ɗan Adam ba.

To wannan nisa da taurin dutse su suka so jawo masa bala'i. Hukumar makamashin nukiliya ta Birtaniya tana neman inda za a binne dattin nukiliya, gubar da ke shekara dubbai ba ta mutu ba. Suka ga ai ga dutse mai tauri, ga shi ba kowa a kusa. Suka nemi izinin haƙa ramukan gwaji. A 1978 ƙaramar hukumar yankin ta ce ba ta yarda ba. Mutanen ƙauyuka suka tashi tsaye, suka yi zanga-zanga, suka sa hannu a takardun koke. Hujjarsu ita ce, in aka bar gwaji yau, gobe gubar ce za ta biyo. A 1980 aka yi zaman sauraron jama'a a garin Ayr. Ƙarshen 1981 gwamnati ta janye shirin haƙar baki ɗaya.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, da yawa cikin masu wannan fafutuka ba su taɓa hawa dutsen ba. Amma sun san ruwan da ke gangarowa daga can cikin kogunansu yake ƙarewa, kuma jikokinsu ne za su gaji ƙasar. Masu mulki sun duba taswira sun ga fili ba kowa, ashe yana da masu shi.

Yau mai hawa Mullwharchar ba abin da zai tarar a sama sai iska da duwatsu, ba rami ba shinge. Waɗanda suka ƙi yin shiru su suka bar masa wannan gado. Allah ya sa mu ma mu san darajar abin da za mu bar wa na baya.