Shirin Tafiya a Jirgin Ruwa Zuwa Kasuwannin Kirsimeti na Turai: Takardu, Kaya da Guzuri

A duk shekara, da zarar sanyi ya fara shigowa, kamfanonin yawon buɗe ido sukan cika mu da tallar tafiya a jirgin ruwa a kan kogunan Turai domin ganin kasuwannin da ake ci gab da Kirsimeti. Wasu iyalai daga cikinmu, Musulmi da Kirista, sun nemi a yi musu bayanin yadda ake shirya wa irin wannan tafiya. Na bi kogin Rhine, na kuma bi na Danube a watan Disamba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na sani. Abin da nake so mu riƙe tun farko shi ne, takardun talla an rubuta su ne domin Bature mai fasfon da ba ya neman biza, wanda ya tashi cikin sanyi, kuma yake cin duk abin da aka ajiye masa. Mu kuwa shirinmu daban ne, kuma ba wanda zai yi mana shi.

Yadda Tafiyar Take

Kogin Rhine yana da tsawon kimanin kilomita 1,230, daga tsaunukan Suwizalan zuwa teku a Holan. Tafiyar da aka fi yi a kansa ita ce ta kwana 7 tsakanin Amsterdam da Basel, ana tsayawa a garuruwa irin su Kolon, Koblenz, Rüdesheim da Strasbourg. Masu sauraren Muryar Jamus sun san sunan Kolon, domin can tashar take kafin ta koma Bonn a 2003, kuma jirgin yana wucewa ta gaban Bonn ɗin. Danube kuwa ya kai kimanin kilomita 2,850, yana ratsa ƙasashe 10. A nan ana tashi ne daga Nuremberg ko Passau zuwa Budapest, a bi ta Biyana da Bratislava. Wata mashigar ruwa mai tsawon kilomita 171 da aka gama haƙawa a 1992 ita ce ta haɗa hanyoyin biyu.

Jiragen ba irin manyan nan na teku ba ne. Yawancinsu ba sa wuce mita 135 a tsawo da kimanin mita 11 da rabi a faɗi, saboda sai sun shiga ƙofofin ruwa inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi. Fasinjoji sukan kai 150 zuwa 190. Ɗakunan ƙanana ne, galibi na mutum biyu, kuma wasu kamfanonin ba sa ɗaukar ƙananan yara, don haka mai iyali ya tambaya kafin ya biya. Ruwan kogi a kwance yake, ba kasafai ake jin jiri ba.

Kasuwannin tsofaffi ne ƙwarai. Ta Strasbourg tun 1570 ake cin ta, ta Nuremberg kuma akwai shaidarta tun 1628. Akan buɗe su a ƙarshen Nuwamba, yawancinsu su tashi ranar 23 ko 24 ga Disamba. Wanda ya sayi tikitin makon ƙarshe na shekara zai tarar an kwashe rumfuna a garuruwa da yawa.

Takardu Kafin Komai

Duk ƙasashen da ke kan waɗannan hanyoyi biyu suna cikin yankin Shengen, wato biza ɗaya ta isa. To amma Ingila ba ta ciki. Wanda ke riƙe da fasfon Nijeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan yana buƙatar biza, ko da yana da izinin zama a Ingila ko katin zaman dindindin na Amurka. A gida ɗaya ana iya samun uba mai fasfon Birtaniya da uwa mai fasfon Nijeriya, saboda haka a duba na kowa ɗaya bayan ɗaya.

Ana neman bizar ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, wadda a hanyar Rhine galibi Jamus ce. Ana iya shigar da takardu tun wata 6 kafin tafiya. Shawarata a nemi ranar ganawa tun watan Agusta ko Satumba, domin layin ne ke cin lokaci. Tun watan Yunin 2024 kuɗin biza ya koma Yuro 90 ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12. Dole ne a haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Fasfo kuma ya zama bai wuce shekara 10 da bayarwa ba, sannan yana da sauran wata 3 bayan ranar da za a fita daga yankin. Wannan ƙa'idar fasfo ta shafi har masu fasfon Birtaniya da na Amurka.

Ranar 12 ga Oktoba 2025 aka fara aiki da sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a iyakokin Shengen, don haka a ba da isasshen lokaci a filin jirgin sama. Mazauna Ingila kuma su tuna cewa katunan izinin zama na da sun ƙare aiki a ƙarshen 2024, yanzu shaidar tana kan intanet ne, a tabbatar an haɗa ta da fasfon da za a yi tafiya da shi. Abu na ƙarshe, a isa garin da jirgin zai tashi da kwana ɗaya. Hazo da ƙanƙara suna jinkirta jiragen sama a Disamba, jirgin ruwa kuwa ba ya jiran kowa.

Kayan Sawa

Cikin jirgi da ɗumi, riga ɗaya ta isa. Wahalar tana waje ne, inda mutum zai yi awa uku ko huɗu yana tsaye ko yana tafiya a hankali a kan duwatsu masu sanyi. Da rana sanyin yakan tsaya tsakanin digiri 0 da 6, da dare ya sauka ƙasa da sifiri, ga iska mai laima daga kogi. Ba irin sanyin hunturu ba ne da ke sassautawa da hantsi. Ko wanda ya saba da sanyin Landan ko New York ya tuna cewa a can daga gida sai mota ko jirgin ƙasa, a nan kuwa wuni ake yi a fili.

Dabarar ita ce sa kaya hawa uku. Na farko riga da wando na ciki masu kama jiki, na ulu ko na yadin da ba ya riƙe gumi. Na biyu suwaita. Na uku doguwar rigar sanyi wadda ruwa da iska ba sa ratsawa. Auduga tana shan gumi ta yi sanyi a jiki, shi ya sa shadda da atamfa ba sa kare mutum sai da na ciki a ƙarƙashinsu. Mata masu sa abaya ko zane su zaɓi wanda ba ya jan ƙasa, saboda jiƙaƙƙen titi da matakalar hawa jirgi. Ƙaramin hijabi mai kauri da gyalen ulu a kai sun fi babban mayafi da iska ke ɗagawa.

Takalmi shi ne abin da ban yarda a yi masa rowa ba. A nemi sau-ciki mai kaurin ƙasa, wanda ba ya santsi kuma ruwa ba ya shiga, a yi ta sa shi mako biyu kafin tafiya don kada ya ci ƙafa. A haɗa da safar ulu ƙafa huɗu ko biyar, safar hannu, hular sanyi mai rufe kunne, da ƙaramar lema. Kayan kwalliya saiti ɗaya ya wadatar domin liyafar dare, kuma a goge shi tun daga gida, domin ba a barin dutsen guga a ɗakunan jirgi, wanki kuma da tsada. Akwati ɗaya ga kowane mutum, wanda zai shige ƙarƙashin gado. Yawancin jiragen sama kilo 23 suke ba da dama, a bar kilo 3 ko 4 domin tsaraba.

Lafiya

Sanyi da na'urar ɗumama ɗaki suna busar da fata, don haka man kaɗanya ko basilin da man leɓe su shiga jaka. Magungunan hawan jini da na ciwon sukari su zauna a jakar hannu cikin kwalayensu na asali, tare da ƙarin na kwana uku. Yawancin jiragen kogi ba su da likita, sai dai a kai mutum asibitin gari mafi kusa. Lambar neman agaji a duk waɗannan ƙasashe ita ce 112. Iyalan da ke da mai ciwon sikila su ga likita kafin su yanke shawara, domin sanyi da ƙarancin shan ruwa suna tayar da ciwon. A kuma faɗa wa kamfanin inshora gaskiyar kowace lalura, in ba haka ba yana iya ƙin biya ranar da ake buƙata.

Salla

Ranar Disamba gajera ce, ba ta wuce kimanin awa 8. A Kolon rana takan fito wajen ƙarfe 8:30, ta faɗi wajen 4:25. A Biyana da Budapest kuwa magariba tana yi wajen ƙarfe 4:00. Wato azahar, la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin kimanin awa huɗu, daidai lokacin da ake yawo a gari. Ni dai nakan fita da alwalata, in sa siririyar darduma a jaka. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, amma jirgi yana juyawa da kwanar kogi, don haka ya fi sauƙi a yi salla lokacin da ya tsaya. Batun kasaru, haɗa salloli da shafa a kan huffi, kowa ya zauna da malaminsa kafin ya tashi. Kada a manta da ƙaramar buta, ba za a same ta a bayan gidan jirgi ba.

Idan Juma'a ta riski mutum a hanya, akwai babban masallacin Kolon a unguwar Ehrenfeld, akwai babban masallacin Strasbourg da aka buɗe a 2012, akwai kuma Cibiyar Musulunci ta Biyana a bakin Danube, wadda aka buɗe a 1979.

Abinci

A sanar da kamfani a rubuce, tun lokacin biyan kuɗi, abin da ba a ci. Naman halal ba lallai ne a samu ba, amma kifi da ganyayyaki suna nan kullum. A gaya wa shugaban masu raba abinci tun daren farko, a kuma riƙa tambayar miya da kayan zaƙi, domin sukan zuba giya a ciki.

A kasuwa kuwa, abubuwa biyu da suka fi yawa su ne Glühwein, wato giya mai zafi, da tsiran Bratwurst wanda yawanci na alade ne. Ga kalmomin Jamusanci da za su taimaka: Schwein alade ne, Speck da Schinken naman alade ne, Schmalz kitsensa, Rind naman sa, alkoholfrei kuma babu giya. Kinderpunsch ruwan 'ya'yan itace ne mai zafi marar giya, amma in an ji an ce mit Schuss, to an ɗiga barasa. Burodin Stollen sau da yawa akwai barasa a zabibinsa. Abin da nakan ci hankali kwance shi ne gasasshen kifi, gasassun Maroni, almon mai sukari, da wainar dankali da suke kira Reibekuchen, bayan na tambayi man da aka soya ta da shi. Ana karɓar 'yan Yuro a matsayin jinginar kofi, in ka mayar a ba ka kuɗinka.

Guzurin gida kuma a yi hattara. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, har daga Ingila. Kilishi, dambun nama da man shanu su zauna a gida. Garin yaji kuwa yana gyara abincin Bature ƙwarai. Haka nan wajen dawowa, Amurka ba ta barin a shiga da yawancin kayan nama, Ingila ma ta sa irin wannan hani a kan nama da cuku daga Turai a watan Afrilun 2025.

Kuɗi, Wuta da Tsaro

Yuro ake kashewa a Jamus, Faransa, Holan, Ostiriya da Silobakiya. Hangari tana da forint, Suwizalan tana da faranc ɗinta. Masu rumfuna da yawa sun fi son kuɗi a hannu, don haka a riƙe ƙananan takardu da silalla, har na shiga bayan gida. Wutar Turai bolt 230 ce, soket mai rami biyu, saboda haka na Ingila da na Amurka su zo da mahaɗin da ya dace. Batirin ajiyar caji a jakar hannu ake sa shi. Yawancin kantuna a Jamus da Ostiriya ba sa buɗewa ranar Lahadi.

Bayan hare-haren da aka kai kasuwar Berlin a 2016, Strasbourg a 2018 da Magdeburg a 2024, an tsaurara tsaro, ana iya binciken jaka a bakin shiga. A fita da ƙaramar jaka, a rataya ta a gaba saboda 'yan sane. Masu sa niƙabi su sani cewa rufe fuska a bainar jama'a laifi ne a Faransa tun 2011, a Ostiriya tun 2017, a Suwizalan tun farkon 2025. Hijabi kuwa ba a hana shi a titi ba. Kowane yaro a sa masa katin jirgi mai lambar waya a aljihu. Sannan jirage sukan tsaya gefe da gefe a tasha, tagarka tana kallon tagar wani, a riƙa sakin labule.

Daga ƙarshe, kogi ba shi da alkawari. In ruwa ya yi ƙasa, kamar yadda ya faru a 2018 da 2022, ko ya cika har jirgi ya kasa shiga ƙarƙashin gada, akan kwashi fasinjoji a bas ko a canja musu jirgi. A karanta abin da yarjejeniyar kamfani ta ce game da haka kafin a sa hannu, a kuma ajiye fasfo, magani da kayan kwana ɗaya a jakar da ba ta rabuwa da mutum. Tun ran gini tun ran zane. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu gidajenmu lafiya, amin.