Duwatsun Hanyar Oregon a Ƙasar Amurka

Yau za mu yi nisa. Za mu je ƙasar Amurka, mu bi wata tsohuwar hanyar ayari, mu tsaya wurin duwatsun da ke bakinta.

Sunanta hanyar Oregon. Ta tashi daga jihar Misuri, a tsakiyar ƙasar, ta nufi yamma har ƙasar Oregon, kusa da teku. Tsawonta ya kai kilometir 3.500. Ku auna da kanku: kusan sau huɗu ke nan na tafiyar Yamai zuwa Damagaram. A shekara ta 1843 mutum wajen 1.000 suka bi ta a ayari guda, suna neman ƙasar noma. Da aka sami zinariya a Kalifoniya a 1848, sai mutane suka yi ta kwarara. Kafin a gama hanyar jirgin ƙasa a 1869, fiye da mutum 300.000 sun bi ta nan.

Babu mota a lokacin. Amalanke ne mai rumfar zane, shanu suna ja. Kaya da abinci suna ciki, yawancin mutane suna bi a ƙasa. A yini su yi kilometir 20 ko 25. Tafiyar takan ci wata huɗu zuwa shida.

To, ga inda wuyar take. Ba a tashi sai ciyawa ta fito, wajen watan Afrilu ko Mayu, don shanu su sami abin ci. Kuma tilas a ƙetare manyan tsaunukan yamma kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Wanda ya yi gaggawa, shanunsa su mutu da yunwa. Wanda ya makara, sanyi ya kashe shi da iyalinsa. Yaya mutum zai san ko yana kan lokaci? Sai ya dubi duwatsu. Wanda ya san madugun ayarin gishiri na Bilma ya san wannan aiki.

Bayan makonni a fili fetal, ana bin bakin kogin Platte, sai wani dutse ya ɓullo daga nesa a jihar Nebraska ta yau. Gindinsa kamar tsibin hatsi, kansa siriri ya miƙe sama. Turawa suka sa masa suna Chimney Rock, wato Dutsen Bututun Hayaƙi. Tsayinsa ya kai metir 90. Ana hangensa tun da sauran kwana biyu ko uku a iso. Matafiya da yawa suna rubuta labarin kowace rana a littafi, kuma babu dutsen da suka ambata kamar wannan. Ganinsa yana nufin fili ya ƙare, hawa ya kusa. Dutsen ba shi da ƙarfi, yumɓu ne da tokar aman wuta da dutsen yashi. Iska da ruwa da tsawa suna cinsa, ya rage tsawo tun zamanin ayari. Kaɗan gaba da shi akwai Scotts Bluff, mai sunan Hiram Scott, wani mai fataucin fatu da ya mutu a wurin a 1828.

Amma dutsen da ya fi muhimmanci yana gaba, a jihar Wayomin, bakin wani kogi mai suna Sweetwater, wato Ruwa Mai Daɗi. Shi ne Independence Rock, Dutsen Ƴancin Kai. Ba dogo ba ne, metir 40 kawai, amma tsawon kwanciyarsa ya kusa metir 600. Daga nesa sai ka ce katon kunkuru ya kwanta. Ranar 4 ga watan Yuli ce ranar ƴancin kan Amurka, kamar 3 ga Agusta a Nijar. Matafiya suna da lissafi guda: in ka iso wannan dutse ranar 4 ga Yuli, kana kan lokaci. In ka wuce ranar da nisa, ka shiga haɗari, ga shi ko rabin hanya ba ka yi ba.

Wannan lissafi ba wasa ba ne. A 1846 wani ayari da ake kira ayarin Donner ya makara, ya kuma bi wata hanya da aka ce musu ta fi kusa. Ƙanƙara ta tsare su a tsaunukan Kalifoniya. Su 87 ne, wajen 40 suka mutu. A 1856 wasu mabiya ɗariƙar Mormon, talakawa masu tura amalanke da hannu, suka tashi a makare. Ƙanƙara ta riske su a Wayomin, suka fake kusa da wata tsaga a dutse mai suna Devil's Gate, Ƙofar Shaiɗan, ba nisa da Dutsen Ƴancin Kai. Fiye da mutum 100 suka rasu. Duk da haka, abin da ya fi kashe mutane a hanyar shi ne ciwon amai da gudawa, saboda ƙazamin ruwa.

A Dutsen Ƴancin Kai ayari yakan yi zango. Mutane su hau, kowa ya rubuta sunansa da shekara, wani har da garinsu. Wasu da kwalta ko man ƙafar amalanke, wasu da guduma da kurfi. Dubban sunaye ne. Ba don ado kaɗai ba: dangin da ke tafe a baya sukan duba dutsen, in sun ga sunan ɗan'uwansu sun san ya iso nan da rai. Ku da kuka koyi rubuta sunanku bana kun san daɗin abin. Na kwalta ruwa ya wanke su. Na sassaƙa da yawa suna nan, ana karanta su.

Kada mu manta, ƙasar ba kango ba ce. Tana da masu ita, ƙabilun Lakota da Shayen da Shoshoni da sauransu, kuma sun san waɗannan duwatsu tun kafin zuwan Bature. Shanun ayari suka cinye ciyawa, ɓauna ta yi nisa, cututtuka suka shigo. Daga baya aka ƙwace yawancin ƙasarsu. Dutsen da ya zama alamar sa'a ga baƙo, ga ɗan ƙasa alamar hasara ce.

A 1978 gwamnatin Amurka ta sa hanyar Oregon cikin hanyoyin tarihi da ake kiyayewa. Mai ziyara yanzu da mota yake zuwa. A Dutsen Bututun Hayaƙi akwai gidan tarihi, daga nan ake kallon dutsen. Dutsen Ƴancin Kai yana bakin titi, ana hawansa da ƙafa, amma an hana kowa ƙara rubuta suna. Kusa da garin Guernsey kuma, a Wayomin, akwai wurin da ƙafafun amalanke suka bi kan dutsen yashi shekara da shekaru har suka haƙa shi. Zurfin sawun ya kai metir ɗaya da rabi, babban mutum in ya shiga ya kai masa ƙirji.