Lissafin da ke gina hoto a likitancin nukiliya

Na'urorin likitancin nukiliya, irin su kyamarar gamma da TEP, ba sa ɗaukar hoto kai tsaye. Ana yi wa marar lafiya allurar sinadari mai fitar da haskoki, misali teknesiyom 99m, wanda rabin ƙarfinsa ke gushewa cikin awa 6. Na'urar tana ƙirga haskokin da ke fitowa daga jiki ta kusurwoyi da dama. Ƙidaya ce kawai take tarawa. Kwamfuta ce ke mayar da ita hoton zuciya, ƙashi ko ƙari.

Tushen lissafin ya girmi na'urorin. A 1917 Johann Radon, masanin lissafi ɗan Ostiriya, ya nuna cewa ana iya gano cikin abu daga ma'aunin da aka yi masa ta kowane gefe. Daga nan dabara ta farko ta samo asali: a tace ƙidayar, a mayar da ita baya kan layin da ta biyo. Tana da sauri, amma idan haskokin sun yi kaɗan sai hoton ya cika da zane-zanen ƙarya.

A 1982 Shepp da Vardi, a Amurka, suka kawo MLEM. Kwamfuta takan zana hoton hasashe, ta lissafa abin da na'ura za ta ƙirga da a ce shi ne gaskiya, ta gwada da ainihin ƙidayar, ta gyara, ta sake. Hoton ya fi kyau, sai dai jinkiri. Hudson da Larkin na Ostareliya suka rage shi a 1994 da OSEM, wadda ke kasa bayanan kashi-kashi tana gyara bayan kowane kashi. Ita ce ta fi yaɗuwa a asibitoci.

Wurin tsayawa shi ne matsalar. In an tsaya da wuri, ƙaramin ƙari zai fito dushi-dushi, ƙasa da ƙarfinsa; in an zarce, ɗige-ɗige su rufe hoton, wani ma ya yi kama da cuta. Shi ya sa hotuna biyu na mutum guda, kafin magani da bayansa, suke iya yaudarar likita muddin ba da saiti ɗaya aka gina su ba. Zancen ya shafi ƴan Nijar: a Yamai, cibiyar IRI ta Jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen likitancin nukiliya, kuma wanda ya yi hoto a can ya je ƙasar waje neman magani, ya kamata ya riƙe cikakken rahoton gwajin, ba hoton kaɗai ba.