Daga Guga zuwa Sola: Tarihin Ban Ruwa a Ƙasar Waca

Waca tsohon gari ne. Tun kafin Turawan Faransa su kama Zinder a 1899, tana cikin ƙasashen Sosebaki tare da Dungas da Mirriya, waɗanda sarakunan Damagaram suka mayar ƙarƙashinsu a ƙarni na 19. Masu rubuta tarihin yankin sun fi zuba tawadarsu a kan sarauta da yaƙi, amma abin da ya zaunar da jama'a a wannan kudanci na jihar Zinder shi ne ruwan da ke kwance a ƙarƙashin kwarin Korama, inda ɗan haƙa kaɗan ke kai mutum ga danshi, har rake da rogo da kayan miya su yi kore a tsakiyar rani. Ruwan yana nan, wahalar ita ce ɗago shi, abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Ra'ayina shi ne tarihin wannan sana'a ta ban ruwa tarihi ne na tambaya guda: daga ina ƙarfin ɗaga ruwan zai fito, kuma wa zai biya? Wannan tambaya ita ce zuciyar darasin fizik da ake koya wa yaranmu a kwaleji da lise, don haka babban kuskure ne a ci gaba da koyar da shi kamar baƙon da bai taɓa taka ƙasar nan ba.

A fara da guga da ƙwarya, kayan aikin farko. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, saboda haka guga mai cin lita 10 kilo 10 ne a hannun mai ja. In ya ɗago shi daga zurfin mita 3, ya yi aikin da masana ke aunawa da jul kusan 300, wato nauyi sau ƙarfin jan ƙasa sau nisan da aka ɗaga. Guga ɗaya ba komai ba ne, yawan shi ne ke karya baya. Mu ɗauka ana so a bai wa hekta ɗaya ruwa mai kaurin milimita 5 kacal a yini: lita dubu 50 ke nan, guga dubu 5. Ko da mutum zai riƙa fitar da guga ɗaya kowace daƙiƙa 15 ba hutu ba salla, sai ya shafe awa 20 da ɗoriya. Wannan lissafi shi ke bayyana dalilin da ya sa lambun da can bai taɓa zama babba ba, ya sa kuma ake yanka shi ƙananan fangaloli kewaye da rami ko gajeriyar rijiya. Ba ragwanci ne ya taƙaita lambun kakanni ba, iyakar ƙarfin damtsen ɗan Adam ce, kuma girman gona yana bin yawan hannuwan da ke cikin gida.

Jigo shi ne amsar farko da masu lambun ƙasar Hausa suka riƙe. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, domin akwai zanenta a kaburburan Masar na fiye da shekara dubu 3 da suka wuce. A kafa gwafa biyu, a gitta itace a kansu, a ɗaura doguwar sanda ta yadda gefe ɗaya ya fi tsawo. A dogon gefen igiya ce da guga, a gajeren kuma a liƙa dunƙulen laka. In dogon gefen mita 3 ne, gajeren mita 1, to lakar kilo 30 ce za ta yi kunnen doki da guga mai kilo 10, domin nauyi sau nisansa daga madogara dole ya zo daidai a ɓangarorin biyu. Wannan ita ce ƙa'idar da Arkimidas na Sirakusa ya tabbatar da hujjar lissafi a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin lura shi ne jigo ba ya rage aikin ko da jul ɗaya. Sauya masa fuska yake yi: maimakon mai lambu ya duƙa ya ɗago da ƙugunsa, sai ya ja igiya ƙasa da taimakon nauyin jikinsa, lakar ta hau sama ta adana ƙarfin, sannan ta sauko ta miƙo masa guga cike. A can Abzin, inda rijiyoyin lambu suka fi zurfi, Buzaye sun ɗora igiyar a kan gungume mai juyawa suka ɗaura wa sa ko raƙumi. Nan ma aikin bai ɓace ba, dabba ce ta karɓe shi, mai lambu kuma ya biya da ciyawa.

Babban sauyi ya zo bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kountché ta mayar da noman rani aikin ƙasa baki ɗaya. A shekarun da suka biyo baya ƙananan rijiyoyin burtsatse suka yawaita a fadamu, a ƙarshen shekarun 1990 aka yaɗa famfon da ake takawa da ƙafa mai suna Niyya da Ƙoƙari, sannan ƙaramin injin fetur ya mamaye fage, da taimakon man Najeriya mai rahusa da ke tsallako iyaka a lokacin, wanda ake sayarwa a kwalabe da sunan ruwa-ruwa. Amma me ya sa injin ya karɓu a kwari, ya kasa a kan tudu? Duk mai lambu ya san cewa in ruwa ya yi ƙasa da mita 7 ko 8, injin sai ya yi ta kuka tiyo na tofar da iska, har sai an haƙa rami an saukar da shi kusa da ruwan. Dalilin shi ne injin ba ya jan ruwa da kansa. Iskar da ke cikin tiyo yake kwashewa, sai nauyin iskar sararin sama da ke danne fuskar ruwan rijiya ya turo shi sama, kuma wannan nauyi ko a lissafi ba ya iya riƙe ruwan da ya wuce mita 10 da 'yan kai. Galileo ya ambaci wannan iyaka a littafinsa na 1638, inda ya nuna daga bakin mai gyaran famfo aka ji ta, almajirinsa Torricelli kuma ya gano sababinta a farkon shekarun 1640. Ke nan taswirar inda noman rani ya bunƙasa a Magariya da Dungas, nauyin iska yana cikin waɗanda suka zana ta.

Inji ya faɗaɗa lambu, amma ya ɗaure mai lambu da farashin mai. An ga haka ƙarara bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da shugaban Najeriya Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, kwalbar mai ta yi tsalle a garuruwan kan iyaka. Wannan na cikin abin da ya ƙara karkata hankali ga farantan sola. Tunanin ba sabo ba ne a Nijar. Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, masanin fizik da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL tun daga 1969, yana gwajin na'urorin dumama ruwa da injinan da zafin rana ke motsawa. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka fara kafa famfunan sola a ƙauyukan Mali. A nan babi uku na littafin makaranta suke haɗuwa. Haske igiyar makamashi ce da ke sauka da ƙarfin wat kusan dubu ɗaya a kan kowace murabba'in mita da tsakar rana, faranti yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa lantarki, lantarkin ya juya famfon da aka nutsar cikin rijiya. Tun da wannan famfo daga ƙasa yake turo ruwa, iyakar mita 10 ba ta shafe shi ba, sai tudu ma ya samu rabo.

Wani zai ce wannan duk kambama kakanni ne kawai: mai ɗaura jigo bai san wata ƙa'ida ba, abin da ya ga ubansa na yi yake kwaikwayo. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na da'awar cewa gwanintar hannu daidai take da ilimin lissafi. Mai jigo yana ƙara laka yana ragewa har sanda ta yi masa daɗin ja, amma wanda ya san ƙa'ida zai faɗi nauyin lakar tun ba a sare itacen ba. Sai dai wannan bambanci hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Yaron da ya taso yana jin nauyin guga a tafinsa ya riga ya mallaki rabin darasin, abin da ya rage makaranta ta ba shi shi ne awo da lissafi. In aka fara masa da hoton wata na'ura da bai taɓa gani ba, cikin Faransancin da bai gama kamawa ba, an zubar da jarin da ya zo da shi daga gida, sai ya koma hadda. Abdou Moumouni kansa, a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, ya yi kira da a kafa karatu a kan harsunan gida da rayuwar jama'a, kuma ba wanda zai zarge shi da raina kimiyya. Masu cewa ba a koyar da fizik sai da ɗakin gwaji su ma suna da hujja, domin lantarki yana bukatar ma'auni da wayoyi, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta samar da su. Amma rashin ɗakin ba uzuri ba ne na barin sanda da igiya da sikeli da tiyo, waɗanda suka isa a gwada ƙa'idar madogara da ta matsin iska a farfajiyar kowace makaranta.

Akwai kuma mai ganin cewa da zuwan sola zance ya ƙare, tun da rana ba ta karɓar kuɗi. Wannan shi ne zaton da ya fi haɗari. Farantin da ƙurar hunturu ta lulluɓe yana rasa wani kaso na haskensa, wanda ba a jingina shi yana duban kudu da ɗan karkata daidai da matsayin yankin ba yana asarar wani, siririyar waya mai tsawo kuma tana mayar da wutar zafi tun kafin ta kai famfo. Wanda bai san wat nawa famfonsa ke bukata ba, a hannun ɗan kasuwa yake. Mafi girma, a zamanin guga gajiya ce ke tsayar da ɗiban ruwa, a zamanin inji kuɗin mai ne, yanzu kuwa babu mai tsayarwa sai sani. Ruwan Korama damina ce ke zuba shi, in abin da ake fitarwa ya zarce abin da ke shiga dole ya ja da baya, kuma gajerun rijiyoyin talakawa ne za su fara ƙafewa. Saboda haka ya kamata malaman fizik na Waca da Magariya da Dungas su mayar da lambu ajinsu na biyu, ɗalibai su riƙa auna zurfin ruwan rijiyoyin garinsu wata-wata suna rubutawa, su lissafa litar da kowane famfo ke fitarwa a yini. Da irin wannan littafin awo ne masu unguwanni da ƙungiyoyin manoma za su iya yanke shawarar rijiya nawa kwari ɗaya zai ɗauka, tun kafin ƙasa ta yanke musu.