Mishan, kishin Ewe da Hausawan Zangon Lome

A shekarar 1905 masanin Jamus Max Weber ya danganta bunƙasar jari-hujja a Turai da tarbiyyar Kiristocin Furotesta. Tarihin Togo ya nuna cewa makaranta da hanyar sufuri sun fi aƙida tasiri wajen raba arziki.

Mishan ta Bremen ta fara aiki a ƙasar Ewe a 1847. Ta zaɓi karin harshen Anlo ta mayar da shi na rubutu, ta buɗe makarantu, aka kuma kammala fassarar Baibul a 1913. Garuruwan da a da kowanne ke cin gashin kansa suka fara ɗaukar kansu al'umma ɗaya.

Jamus ta kafa mulki a 1884, ta mayar da Lome babban birni a 1897, layin dogo kuma ya isa Kpalimé, yankin koko, a 1907. Aikin akawu da na koyarwa ya faɗa hannun 'yan kudu da suka yi makarantun Furotesta da na Katolika, yayin da aka daɗe ana hana mishan shiga arewa.

Bayan Ingila da Faransa sun raba ƙasar, kishin haɗe kan Ewe ya taso. Sylvanus Olympio ya kai batun Majalisar Ɗinkin Duniya a 1947, shi ne kuma ya jagoranci Togo zuwa 'yancin kai ran 27 ga Afrilu 1960. Bayan kisansa a 1963 da hawan Eyadéma, ɗan ƙabilar Kabiye, a 1967, ƙarfin mulki ya koma arewa.

Hausawa kuwa wata hanya suka bi. Fataken goro da shanu sun kafa Zango a Lome tun zamanin Jamus, inda maigida ke saukar da baƙo, ya tsaya masa a ciniki, amana da Musulunci suna riƙe bashi. Sun tara dukiya ba tare da boko ba, amma muryarsu a gwamnati ta yi rauni. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar birni, ta mayar da mazauna can arewa, wajen Togblékopé.

Ga iyalan Hausawa na Agoè da Totsi, wannan tarihi ne ke bayyana muhimmancin karatun Faransanci da takardar fili a gefen kasuwanci.