Majami'ar Maryama ta Yamai: Ƙaramin Gini Mai Dogon Tarihi

Duk wanda fatauci ko ci-rani ya taɓa kai shi Yamusukuro, a ƙasar Kodibuwa, da wuya ya dawo gida bai ba da labarin basilikar Notre-Dame de la Paix ba. Shugaba Houphouët-Boigny ne ya gina ta, tsawonta ya kai mita 158, kuma Paparoma Jean-Paul II ya keɓe ta ranar 10 ga Satumba 1990. Yamai ba ta da irin wannan gini. Abin da take da shi ita ce katidiral ta Notre-Dame du Perpétuel Secours, a tsakiyar birni kusa da kwarin Guntu Yena, wadda baƙo kan iya wucewa ta gabanta bai ɗaga kai ba.

Basilika laƙabin girmamawa ne da Paparoma ke bai wa wata majami'a, katidiral kuwa ita ce wadda kujerar bishop take ciki, daga nan ake tafiyar da al'amurran mabiya. Ita kanta basilikar Yamusukuro, duk da girmanta, ba ita ce katidiral ɗin garinta ba. Ta wannan fuska ƙaramar majami'ar Yamai ta fi ta nauyin aiki.

Tarihinta kusan tsaran na birnin ne. A 1926 Turawan Faransa suka ɗauke mazaunin mulki daga Damagaram zuwa Yamai, bayan shekara biyar kuma, a 1931, Fada François Faroud ya kafa mishan ta Katolika a wannan gari da bai gama fita daga ƙauyanci ba. Yawancin mabiyan farko ba ƴan ƙasa ba ne: akawuna ne da masu sana'ar hannu daga Dahome da Togo, waɗanda aikin gwamnati ya kawo bakin Isa. Daga baya limaman ƙungiyar Rédemptoristes suka karɓi aikin, kuma sunan majami'ar yana da alaƙa da su, domin tsohon hoton nan na Maryama ɗauke da ɗanta, mai wannan suna, a hannunsu aka damƙa shi a birnin Roma tun 1866. Ɗaya daga cikinsu, Hippolyte Berlier, shi ya zama bishop na farko a 1961, shekara guda bayan samun mulkin kai. An ɗaga Yamai zuwa mazaunin babban bishop a 2007, amma sai a 2014 aka naɗa ɗan ƙasa a kan kujerar, wato Laurent Lompo, Bagurmance daga yankin Makalondi. Shekara 83 ke nan bayan zuwan Fada Faroud, jinkirin da ke nuna yadda addinin ya daɗe yana zaman baƙo.

Sai dai baƙuncin bai hana shi shiga gidajen Musulmi ta ƙofar ilmi ba. Makarantun Mission Garçons da Mission Filles da kwalejin Mariama sun yaye ɗimbin ma'aikatan ƙasar nan, galibinsu Musulmi ne, sun shiga da addininsu sun fita da shi. Sunan Maryama ma ba baƙo ba ne a kunnen almajiri: sura ta 19 ta Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi, kuma ita kaɗai ce macen da Littafin ya ambata da suna.

Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 sun gwada wannan zaman tare. Fushin da zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya tayar ya sauka a kan maƙwabtan da ba su da hannu a ciki. An ƙona gomman majami'u a Damagaram da Yamai, an yi asarar rayuka. Katidiral ta tsira, jami'an tsaro na gadinta. Da yawa daga matasan da suka ɗauki fetur a ranar ba su taɓa leƙa cikin majami'a ba, balle su san wanda ya gina makarantar da iyayensu suka yi.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu kan kai ɗalibai gidan tarihi na Boubou Hama da Babban Masallaci, kuma hakan daidai ne. Tsakanin gidan tarihin da katidiral tafiyar ƙafa ce, amma ba kasafai ake sa ta cikin jerin wuraren ziyara ba.