Dalilin da Giyar Hannu Ta Daɗe a Hanyoyin Makoda

Tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, manoman Makoda suka saba da akori-kura mai giyar hannu, wadda ke kwasar gero da gyaɗa zuwa kasuwar Ɗambatta. Da tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari talaka. Sai tsofaffin motoci suka riƙa kwararowa daga ƙetare ta Kwatano, cikinsu har da masu giyar otomatik.

A Amurka, masu ratsa daji kan dasa wa motarsu tsohuwar otomatik, domin ba ta yanke ƙarfin inji yayin canjin giya cikin rairayi. Makanikan Kano kuwa akasin haka suka saba yi: su sauke otomatik, su sayo giyar hannu a Ƙofar Ruwa su ɗaura. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Idan batir ya mutu a ƙauye, matasa huɗu sun isa su tura mai giyar hannu ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi, sai ta kwana da buhunan manomi, kasuwa ta watse.